Daga Haarlem zuwa Amsterdam a sawun Fokker

Ana yayyafi muka shiga jirgin ƙasa daga Amsterdam zuwa Haarlem, ni da yayana da ke karatu a Holan. Tafiyar ba ta kai minti 20 ba. Shi tsohon gari yake so ya nuna mini, ni kuwa abu ɗaya ya fito da ni: gidan tarihi na Teylers da ke bakin kogin Spaarne, wanda aka buɗe tun 1784, inda Adriaan Fokker, masanin da ya tsara wani kayan kiɗa na daban, ya daɗe yana kula da sashen kayan kimiyya.

Fokker ba ɗan gado ba ne a kiɗa. An haife shi a 1887 a tsibirin Java, lokacin Indonesiya tana hannun Holan. Masanin fiziks ne, ya yi aiki da Einstein a Zurich, har gobe ɗaliban fannin suna karanta wani lissafi mai ɗauke da sunansa da na Planck. Sai da yaƙin duniya na biyu ya zo, Jamus ta mamaye ƙasar, sannan ya karkata ga nazarin sauti, ya tono wani rubutu da Christiaan Huygens, wani masanin kimiyya ɗan Holan, ya wallafa tun 1691.

A bakin kogin yayana ya tsare ni. Ya ce, “Wai me mutumin nan ya gano ne?”

Na ce, “Yaya, ka san in mace da namiji suna rera waƙa ɗaya, muryarta tana sama, tasa tana ƙasa, amma sun haɗu? To, tazarar da ke tsakaninsu fiyano ta raba gida 12. Huygens ya ce a raba ta gida 31.”

Dalilin shi ne ya fi burge ni. In igiya ta kaɗa sau 5 a daidai lokacin da 'yar'uwarta ta kaɗa sau 4, kunne yana jin sun kwanta luf da juna. Rabon 12 yana ɗan zarce wurin, sai sautin ya riƙa rawa-rawa. Rabon 31 kuwa kusan a kan gaɓa yake sara. Akwai kuma haɗin 7 da 4, wanda Fokker ya ƙwallafa wa rai, fiyano ba ta da shi sam.

Bai tsaya a takarda ba. Ya tsara ogan, kayan kiɗan nan mai bututu irin na coci, aka kafa shi a Teylers a 1950. Mun ga tsofaffin na'urorin lantarki da dogon zaure mai rufin gilashi, amma ogan ɗin ba ya nan. Tun 2009 yana Muziekgebouw, gidan kiɗa da ke bakin ruwa kusa da babbar tashar Amsterdam. Muka sha shayi, muka juyo.

Ranar da aka kaɗa shi na samu kujera a gaba. Madannan birjik, farare da baƙaƙe da shuɗɗa, an jera su hawa-hawa kamar matakala, har na rasa yadda yatsu goma za su iya da su. Da farko kunnena ya ƙi. Can sai makaɗin ya riƙe sauti huɗu tare, suka tsaya cak, ba rawa ko kaɗan, na ji tsigar jikina ta tashi.

Nan take na tuna wani mai goge a unguwarmu. Na taɓa zama a situdiyo ana ta fama da shi wai gogensa bai dace da fiyano ba, aka yi ta sa shi maimaitawa har ya yi shiru ya naɗe kayansa. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Goge igiya ɗaya ne, babu madanni, yatsa na sauka duk inda kunne ya yarda, ko da a tsakanin baƙi da fari ne.

Fokker ya rasu a 1972. Gidauniyar Huygens-Fokker ce ke riƙe da ogan ɗin yanzu, har an gyara shi yadda kwamfuta ma za ta iya kaɗa shi.

Da muka fito iska na kaɗawa daga ruwa. Mun kusa tasha yayana ya ce, “Ƙanena, mai gogen nan yana raye kuwa?” Na ce in na koma gida zan tambaya.