Kuzar Jos a tsakiyar teku

A ƙungiyarmu ta karatu babu wanda ya taɓa hawa jirgin ruwa, in ka ɗebe kwalekwale. Amma ga mu nan mun duƙufa kan tarihin yaƙin tekun Atilantika, wanda aka gwabza daga 1939 zuwa 1945. Ranar Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani zaure a Unguwar Rogo, kowa da rigar sanyi, ana kurɓar shayi ana musu.

Samarin cikinmu labarin Bismarck, babban jirgin ruwan yaƙin Jamus, ne ya tafi da su. Ranar 24 ga Mayun 1941 ya nutsar da Hood, jirgin da Ingila ke taƙama da shi, cikin mutum 1,418 uku kacal suka tsira. Bayan kwana uku shi ma aka gama da shi. Labari ne mai daɗin bayarwa, amma ni dai jiragen dakon kaya sun fi tsaya mini a rai.

Ingila tsibiri ce, abincinta da manta ta ruwa suke zuwa. Shi ya sa Dönitz, kwamandan sojan ruwan Jamus, ya baza jiragen Jamus masu nitso su tare hanya. Turawan Ingila kuwa suka koma dabarar fatake: a yi ayari, jiragen yaƙi na rakiya. Ayarin da ke tashi daga ɓangarenmu a Firitawun ta Saliyo yake haɗuwa.

Muna nan wurin sai dattijonmu, tsohon ma'aikacin reluwe, ya ajiye kofi ya ce, "Ku yara, kun san abin da ke cikin wasu jiragen nan? Kuzarmu ce."

Gaskiyarsa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta waiwayo Filato. Aka shiga ɗiban gwamna, ana kwaso talakawa daga larduna su yi haƙa dole. Mahaifinsa na cikinsu. Daga ƙasar zafi aka kawo su ba bargon kirki, ya ce sanyin Bukuru da yunwa sun ci mutane da yawa.

"To Baba, littafin ya faɗi wannan?" in ji wani.

Muka bincika fihirisa, ko sunan Jos babu. An yanke Asabar mai zuwa Baba ne zai yi magana, littafin ya jira.