Takardar maraba da muka rubuta a cocinmu na Minneapolis

A Numan aka yi mini baftisma, a cocin Lutheran, kuma da Hausa na haddace Addu'ar Ubangiji tun ban san ma'anar rabin kalmominta ba. Shi ya sa da aikin jinya ya kawo ni Minnesota ban sha wahalar neman wurin sujada ba. 'Yan Lutheran sun cika jihar, jikokin mutanen Norway da Sweden da Jamus, kuma akwai daɗaɗɗiyar zumunta tsakanin ikilisiyarmu ta gida da ta yankin Minneapolis. Babban bishop ɗinmu ma, Musa Panti Filibus, a St. Paul ya yi karatun digirinsa na uku. Na shiga wani coci kusa da gidana ina jin kamar gidan dangi na shigo.

Tsarin sujada kusan iri ɗaya ne da na gida. Sai an tashi, an sauka ɗakin ƙasa inda ake shan kofi, nake gane inda nake. Kowa da fara'arsa, ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Amma mutumin da ya tambaye ni ƙasarmu wannan Lahadin shi zai sake tambayata bayan mako biyu. A gida muna cewa baƙo raɓa ne. Ni kuwa shekara uku ina zuwa, ina ba da baiko, ina wanke kofuna, ba a daina ce mini barka da zuwa ba.

Ranar 25 ga Mayun 2020 ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu, a mahaɗar titi na 38 da Chicago. Lokacin korona ce, coci a rufe, ta Zoom muke sujada. Fastonmu ta kira ni ta ce majalisar ikilisiya za ta kafa kwamiti kan wariyar launin fata, suna so in shiga. Na amsa ba tare da dogon tunani ba.

A zaman farko muka yi kuskurenmu na farko. Da aka buɗe magana, duk fuskokin da ke allon kwamfuta ni suke jira in yi bayani. Ni da me na sani? Na san yadda majinyaci yakan ce a kawo masa wata nas ba ni ba. Amma tarihin garin ban san shi ba. Wadda ta sani wata dattijuwa ce baƙar fatar Amurka, wadda ta girma a unguwar Rondo ta St. Paul. Ta bar ni na yi ta kame-kame, bayan an tashi ta buga mini waya.

"'Yata, wace hanya kike bi zuwa aiki?"

Na ce I-94, Mama.

Ta ce, "To, kullum ta kan tsakar gidan babana kike wucewa."

Tsakanin 1956 da 1968 aka keto wannan babbar hanya ta tsakiyar Rondo, unguwar da ta fi kowace tara baƙaƙen fata a St. Paul, aka rushe ɗaruruwan gidaje da shaguna. Washegari na bi hanyar ina kallon gangaren da ke gefenta, ina tunanin inda ƙofar gidansu take. Tun ranar na daina yin magana a madadin baƙaƙen Amurka. Fatarmu ɗaya, amma ni da fasfo na zo, ina da garin da zan koma. Muka kuma tsayar da doka a kwamiti: wanda aka cuta ba shi ne zai zama malamin kowa kyauta ba. Fararen fata su yi karatunsu da kansu, idan kuma muka gayyato mai koyarwa, mu biya shi.

Abin da ya fi girgiza mutane ba wa'azi ba ne, takarda ce. Masu bincike a Jami'ar Minnesota, ƙarƙashin shirin Mapping Prejudice, sun tono takardun mallakar gidaje, suka samu fiye da 8,000 a Minneapolis masu ɗauke da sharaɗin kada a sayar wa wanda ba farar fata ba. Tun 1910 aka fara rubuta irin wannan sharaɗi a garin, sai 1953 jihar ta hana sanya sabo. Da muka koma haɗuwa ido da ido, wani dattijo da ya yi shekaru yana raba takardar sujada a bakin ƙofa ya zo da ta gidansa. Ya shimfiɗa ta a teburin da muke ajiye kek, ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa yana karantawa. Da ya kai inda aka hana sayar wa masu jinin Afirka sai muryarsa ta sarƙe. Ya ɗago ya dube ni ya ce a gidan nan ya yi renon 'ya'yansa, da darajar gidan ya kai su jami'a, bai taɓa karanta wannan shafin ba. Tun 2019 dokar jihar ta ba mai gida damar shigar da takardar yin watsi da sharaɗin, muka zauna muka taya masu irin wannan takarda cike fom.

Mun kuma daina cewa matsalar ta wasu ce can kudu. Matashin da ya harbe mutum 9 a cocin Emanuel na baƙaƙen fata da ke Charleston ranar 17 ga Yunin 2015, suna tsakiyar nazarin Littafi Mai Tsarki, sunansa na cikin rajistar wata ikilisiyar ɗarikarmu ta ELCA, wato babbar ɗarikar Lutheran ta Amurka. Biyu daga cikin fastocin da ya kashe a makarantar tauhidin Lutheran suka yi karatu. Yanzu kowace shekara muna karanta sunayen mutum taran a sujada.

Duk wannan da zuciya ɗaya na yi shi. Inda ƙafata ta yi sanyi shi ne ranar da aka kawo shawarar mu nemi shiga shirin Reconciling in Christ, wanda ƙungiyar ReconcilingWorks ke gudanarwa tun 1983. Sharuɗɗansa a fili suke. Ikilisiya ta rubuta maraba ga mutanen LGBTQ, wato masu son jinsinsu da masu sauya jinsi da makamantansu, da sunansu, ta rubuta alkawarin yaƙi da wariyar launin fata a takarda ɗaya, ta yarda za ta iya kiran fasto daga cikinsu ko daga waɗanda ba fararen fata ba, ta buɗe majami'arta ga ɗaurin aurensu, ta kuma riƙa ba da gudummawa duk shekara. Na koma gida da niyyar ajiye aikin kwamitin. Kalmomin da na tashi da su, 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, ban taɓa jin an faɗe su ba sai da zagi ko da raɗa. Na san abin da Romawa 1 ta ce. Na san a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya. Na san cocin Mekane Yesus na Habasha ya yanke hulɗa da ELCA a 2013 kan wannan batu. Ba ƙaramar magana ba ce, kuma har yau ba na yarda a ce masu ƙin ta duk mugaye ne.

Akwai wasu mata biyu a cocinmu, dukansu sun haura sittin, masu zama a benci na huɗu ta hagu. A hunturuna na farko, batirin motata ya mutu a harabar coci, dusar ƙanƙara na zuba, hannuna ya ƙage har na kasa riƙe makulli. Su suka tsaya. Ɗaya ta jona igiyar batir, ɗayar ta cire safar hannunta ta saka mini. Ranar da na kwanta zazzaɓi, miya suka ajiye mini a bakin ƙofa. Su kaɗai ne tun makon farko suka koyi kiran sunana daidai. Ni kuwa shekara da shekaru ina ce musu ya da ƙanwa, su ma ba su taɓa gyara mini ba.

A wani zaman sauraro, babbar ta miƙe, hannunta na rawa a kan jingin kujera. Ta ce sun fi shekara ashirin tare. Lokacin da Minnesota ta halatta aurensu a 2013, a ofishin gwamnati suka ɗaura, don ba su san ko za a yarda musu a gaban bagadin da suke yi wa ado da furanni ba, kuma sun ji tsoron tambaya. Ta ce ba wanda ya taɓa korarsu. An dai bar su suna zuwa muddin ba su faɗi ko su wane ne ba.

Na san wannan zaman. Shi na yi shekara uku ina yi da kofin kofi a hannu. Bambancin kawai, a wannan karon ina cikin masu riƙe ƙofa.

Na koma ga Littafi, ba don neman hujja ba, don in samu natsuwa. Na daɗe a Ayyukan Manzanni 8, inda baban nan na Habasha, wato mutumin da aka dandaƙe, baƙar fata, wanda Shari'a ta hana irinsa shiga taron jama'a, ya ga ruwa ya tambayi Filibus abin da zai hana a yi masa baftisma. Filibus bai kawo komai ba, suka sauka cikin ruwa. Ba zan ce duk tambayoyina sun warware ba. Abin da na tabbata shi ne ba zan iya karɓar miyar mace ba, sannan in ɗaga hannu a ce ta ci gaba da ɓuya.

Mun so mu kaɗa ƙuri'a cikin wata uku, nan ma muka yi kuskure. Zaman farko na jama'a ya watse da ɓacin rai, don mutane sun ji kamar an gama yanke hukunci aka kira su. Sai muka janye, muka rabu bibbiyu, muka bi gidaje fiye da shekara guda. A teburin kicin mutum yakan faɗi abin da ba zai faɗa a taro ba. Wani ya ce tsoronsa kada a ce iyayensa da suka gina cocin batattu ne. Wata ta fashe da kuka ta ce jikanta ya daina zuwa tun yana ɗan shekara sha shida, ta san dalili, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A babban taron ELCA na 2009, nan Minneapolis, an amince da fastoci masu abokan zama na jinsi ɗaya da ƙuri'a 559 kan 451, aka kuma ce a girmama lamirin wanda bai yarda ba. Wannan muka riƙe. Wasu sun so a taƙaita takardar a ce kowa da kowa maraba, mu kuma muka dage a ambaci mutane da sunansu, domin kowa da kowa ɗin nan yana rubuce a allon ƙofarmu tun kafin matan nan su ɗaura aure a ofis.

Ƙuri'a ta wuce a taron shekara. Wasu iyalai sun tafi, ciki har da matar da ta koya mini gasa burodin jibi, kuma rashinta yana damuna har yanzu. Majalisar ikilisiya ta ɗan sauya fuska, an ware kuɗi a kasafi, muna rera waƙa ɗaya da Hausa wani lokaci. Amma benci har gobe fari ne kusan duka, kuma dattijuwar Rondo takan tambaye mu a kowane taro wa ke riƙe da makullin asusu.

Na gaya wa mahaifiyata ta waya. Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, sannan ta ce, "Ke dai ki ji tsoron Allah." Na ce, "Mama, shi nake ji." Ba ta sauya ra'ayi ba, ni ma ban matsa mata ba. Watanni bayan haka aka yi wa ƙaramar cikin matan nan tiyata, na kwana biyu ina taya babbar jinya, na kuma faɗa wa Mama dalilin da ya sa ban kira ta ranar Asabar ba. Da muka yi magana mako na gaba, bayan ta gama ba ni labarin ruwan sama da farashin masara, sai ta ce, "Yaya mai jikin nan, wadda ta ba ki safar hannu?" Na ce da sauƙi, ta fara takawa. Ta ce in gaishe ta, ta sa sunanta a addu'ar zumuntar mata ta ranar Talata.