Abin da na ji a kicin ɗin matan Boro Park

Aikin da na zaɓa a karatuna na nazarin al'umma shi ne sauraren yadda matan Yahudawan Hasidi, wata ɗariƙa mai tsananin riƙo da addini, ke magana da 'ya'yansu a unguwar Boro Park da ke Buruklin, a Amurka. Littafin Ayala Fader na 2009, Mitzvah Girls, shi ya sa ni a hanya. Malama ce a Jami'ar Fordham, kuma a wannan unguwa ta yi bincikenta kan tarbiyyar 'yan mata.

Kasancewata mace ya ba ni damar shiga kicin da ɗakin raino, amma makarantar da samari ke karatun Talmud, babban kundin shari'ar Yahudawa, ba wurin zuwana ba ce. Sutura ba ta ba ni wahala ba, doguwar riga da ɗankwali ne yadda na saba. Rakoda da biro kuwa, daga faɗuwar ranar Juma'a sai in ajiye su, don ba a rubutu ranar Asabar a gidajensu. In riƙe magana a ka, sai Asabar ta wuce, dare ya yi, in zauna in rubuta.

Uwa da Yidish, yaren da suka gada daga Yahudawan Turai, take yi wa jariri wasa, mace ne ko namiji. Daga baya hanya ke rabuwa. Yaro yana girma Yidish ɗinsa na ƙara kauri, domin nassin da yake karantawa da Ibrananci ne da Aramiyanci, bayani da muhawara kuma da Yidish, kamar malamin zaure ya ja baƙi da Larabci ya warware da Hausa. Yarinya kuwa da ta ɗan jima a makaranta, Turanci ke rinjaye tsakaninta da ƙawayenta, Turanci mai cike da kalmomin Yidish da karin sautinsa.

Baƙo zai ce matan ne suka fara sakin addini. Ban yarda ba ko kaɗan. Mace ce ke kai yara asibiti, ita ke cika takardun hukuma, sau da yawa ita ke aikin albashi don miji ya samu zaman karatu. Da Turancin nan take tare wa gidanta hayaniyar waje, kuma tana ɗaukar hakan a matsayin ibada. Kunyar da ake koya wa yarinya ma ba a tufafi ta tsaya ba, har da yadda za ta sassauta murya a titi.

Ba duka Hasidawa ne haka ba: 'yan matan reshen Satmar na unguwar Williamsburg, ita ma a Buruklin, sun fi riƙe Yidish.

Tambaya kai tsaye ba ta amfane ni sosai ba. In na ce, "Wane yare kuke yi a gida?" amsar takan zama Yidish, kuma har zuciya ake faɗa. Sai na zauna lokacin cin abinci nake jin uwa ta tsawata wa ɗanta da Yidish, ta juya ta aiki 'yarta da Turanci.