Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kaɗanyun Inna

Ku yi haƙuri satin da ya wuce kun ji ni shiru, ruwa ne ya shigar mana ɗaki a Agege, kwana biyu muna kwalfa.

Na tsaya a inda na fara kai man kaɗe kasuwar Mile 12 a nan Legas. Shekarar 2016 ce, ba zan manta ba don a watan Maris ɗinta aka yi rikicin nan har gwamnati ta rufe kasuwar, bokitina biyu suka maƙale a ciki, ni kuma jarin kenan kaf. Yarbawa ori suke ce masa, kuma sun san na kirki, mata za ta laƙato ta murza a bayan hannu ta shinshina, in da warin hayaƙi ko kallonki ba za ta sake yi ba. Nawa bai taɓa dawowa ba, don hannun Inna ne.

Inna takan ce kaɗanya Allah ke shuka ta, mutum sara kawai ya iya. Muna yara a ƙauyenmu can gefen Kontagora, da asuba take tashinmu tsintar kaɗe farkon damina, raɓa ta jiƙa mana zani, ga tsoron maciji a ciyawa. A dafa, a shanya, a fasa, a soya, a kai niƙa, sai kuma bugu da ruwa a cikin ƙwarya har farin man ya taso, kafaɗa kamar ta cire. Da kuɗin nan aka yi min kayan ɗaki.

To wai waɗannan itatuwan ne Yaya ya sayar wa masu gawayi bayan rasuwar Baba, guda goma sha ɗaya, a waya ma na ji. Na ce Yaya itacen da sai ya shekara 15 ko 20 kafin ya fara 'ya'ya? Ya ce ke kina Ikko kina cin daɗi me kika sani. Ni ce ban sani ba! Inna dai ba ta ce masa uffan ba, maganarta kawai ta maimaita, mutum sara ya iya.

Na sha gaban labarin amma bari na faɗa. A Agustan 2025 da gwamnatin Tinubu ta hana fitar da ɗanyen kaɗe waje na wata shida, farashin ƙwarar ya faɗi a gida, matan garinmu suka koma yin man da kansu, su takwas suka haɗa adashe suna aiko min ta motar doya. Matar Yaya tana cikinsu. A gonar mutane take tsinta yanzu, ni ban ce komai ba.

Jiya na sayi gawayi a bakin layinmu, mai nauyin nan da ba ya saurin cinyewa, mai sayarwar har yana yabonsa wai na kaɗanya ne daga Neja. Na biya shi, na ɗora tukunya.

Sati mai zuwa zan ba ku labarin zuwan Yaya Legas neman bashi.