Balis ba boka ba ce

Shekarar da maigidana ya sayo na'urar binciken mota daga Kano, na ɗauka wahala ta ƙare. A garajinmu na bakin hanyar Tanut "balis" muke ce mata, wato akwati, ko da yake ba ta fi allon ɗan makaranta girma ba. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 tankokin mai suka yawaita a Damagaram, ga masu hawa Agadas da kaya, ga masu bin Matamaye zuwa Kano. Tsofaffin Berliet kunne da hannu suke so. Actros da DAF da Howo na yanzu kuwa ƙwaƙwalwa gare su, ba sa faɗin ciwonsu sai an jona musu waya. Ni ne mai ɗan boko a cikin yaran garaji, sai aka danƙa mini ita. Kai ya kumbura.

Wani kamiyo ne ya sauke mini shi. Ya zo fitila na ci a gaban direba, inji ba ƙarfi. Na jona balis, ta rubuta SPN 110, FMI 3. Na san 110 zafin ruwan inji ne, don haka ban tsaya duba lamba ta biyu ba. Na ce kaptar ta mutu, wato ƴar na'urar da ke auna zafin. Mai mota ya biya, aka sa sabuwa, na goge lambar, fitila ta mutu, direba ya yi ta sa mini albarka. Bai wuce Takeita ba ta sake kamawa.

Da ya dawo maigida bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan. Ya ce, "Yaro, me akwatin naka ya ce?" Na ce, "Maigida, kaptar ce." Ya ce, "Ita ta ce, ko kai ka ce?" Ya shiga ƙarƙashin mota yana bin wayar da yatsa, har ya kai inda ta daɗe tana gugar ƙarfe. Ta tsinke a cikin robarta, in mota ta girgiza ta rabu, in ta tsaya ta haɗu. Tsohuwar kaptar lafiyarta lau.

Daren nan na zauna na karanta abin da na tsallake. A tsarin J1939 da manyan motoci ke magana da shi, lamba biyu ce ke tafiya tare: SPN ta nuna wurin, FMI ta faɗi irin abin da ƙwaƙwalwar ta gani. 3 na nufin wuta ta haura ƙa'ida, 4 ta yi ƙasa, 5 hanya a yanke take. A kaptar ta zafi, waya in ta tsinke wutar layin kan haura kusa da bolt 5, ƙwaƙwalwa ta rubuta 3. Ashe balis gaskiya ta faɗa, ni ne na ƙara mata gishiri. Unguwa take nunawa, neman gidan aikin makaniki ne.

Tun daga nan mitar auna wuta ba ta barin aljihuna. In balis ta ƙi magana da mota gaba ɗaya, ba na zargin ƙwaƙwalwa sai na auna batir, don waɗannan motoci bolt 24 ne, sannan in cire wuta in auna tsakanin wayoyin CAN biyu, waɗanda saƙon ƙwaƙwalwa ke bi ta cikinsu. Om 60 ya kamata a gani a mita. In 120 ya fito, wani gefen ya yanke. Lambar ƙarancin matsin gazwal ma ta sha sa mutane sayen famfo mai tsada, alhali a garin nan ƙurar hunturu da man jarka su ne ke toshe filta. Can nake farawa.

Sai dai akwai ranar da maigida ma ya sassauta. Ya saba in yana neman silindar da ba ta aiki ya ɗan kwance bututun injekta inji na tafiya, ya saurari sauti. A sababbin injuna matsin na kai bar 1,600 ko fiye, man da ya tsarto yana huda fata. Na roƙe shi ya bari, na kashe silindoji ɗaya bayan ɗaya daga balis, ta huɗu ce sautin bai canza ba, ashe ita ce ba ta aiki. Ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "To, wannan kam ta iya." Bai ƙara ba.

Yanzu ina da littafi, kowace lamba sai na rubuta ta da lambar mota kafin in goge. Direbobi dai har gobe da sun shigo cewa suke, "A sa mini balis." Nakan jona musu ita su ga allo na haske, ni kuma in ɗauki tocila in shiga ƙarƙashi.