Ɗigo, shimfiɗa da mazubi: yadda na fahimci "at", "on" da "in"

Na shafe shekaru ina rubutu da Turanci, kuma a tsawon wannan lokaci babu kalmomin da suka wahalar da ni kamar ƙananan nan guda uku: "at", "on" da "in". Daga baya na gane cewa tushen wahalar yana cikin harshenmu. Bahaushe yana cewa a ƙofa, a bango, a Landan, a watan Mayu, duk da "a" guda ɗaya, kuma sai ya ga dama yake ƙara "kan" ko "cikin". Turanci kuwa ba ya ba mai magana wannan sauƙi, domin dole ne ya fayyace siffar wurin kafin ya ambace shi.

Abin da ya warware mini matsalar shi ne kallon kowace kalma a matsayin hoto. "At" ɗigo ne, wato wurin da ake nunawa ba tare da kula da faɗinsa ko zurfinsa ba, kamar "at the door". "On" shimfiɗa ce da abu ya taɓa, shi ya sa ake cewa "on the table", kuma ake cewa "on the wall" da "on the ceiling", alhali abin da ke jikin rufin ɗaki ƙasa yake kallo. Wannan ya nuna cewa taɓawar ce ake lura da ita. "In" kuwa mazubi ne da ya kewaye abu, ko ɗaki ne ko birni ko ƙasa. Adireshi guda yana iya nuna dukkan ukun: ofishin firaministan Birtaniya yana "in London", "on Downing Street", amma da zarar an saka lambar gida sai ya koma "at 10 Downing Street", domin wurin ya tsuke ya zama ɗigo.

Lokaci ma a kan wannan tsari yake tafiya, kuma a ganina nan ne ya fi kyau mai koyo ya daɗe. Ƙarfe bakwai ɗigo ne, don haka "at 7 o'clock". Rana guda ko kwanan wata na "on" ne, kamar "on Monday" da "on 1 May". Wata da shekara da ƙarni kuwa suna da faɗin da za a shiga cikinsu, saboda haka "in May" da "in 1999". Inda mai jin Hausa yakan yi tuntuɓe shi ne sassan yini, domin mu muna cewa da safe, da yamma, da dare, ba tare da sauya "da" ba, alhali Turanci yana cewa "in the morning" da "in the evening", sannan ya juya ya ce "at night". Idan kuma aka ambaci sunan ranar, ita ce ke rinjaye, sai a ce "on Monday morning".

Akwai wuraren da hoton ba ya isa, sai an haddace. Ana cewa "on the bus" da "on the train", amma "in the car", kuma yakan taimaka a tuna cewa abin hawan da mutum zai iya miƙewa ya yi tafiya a cikinsa galibi "on" yake ɗauka. Mutanen Ingila sukan ce "at the weekend", na Amurka kuma "on the weekend", kuma duka daidai ne.

Bambancin da na fi so a kula da shi shi ne na "on time" da "in time", domin yana sauya ma'ana. Na farko yana nufin isa daidai lokacin da aka tsayar, na biyu kuma isa kafin dama ta wuce. Akwai kuma wani tarko na daban: na taɓa rubuta "on next Monday" a wata wasiƙa ta neman aiki, kuma sai bayan na aika da ita aka nuna mini cewa "next", "last", "this" da "every" ba sa karɓar ko ɗaya daga cikin kalmomin uku a gabansu idan ana maganar lokaci, "next Monday" kawai ake rubutawa.