Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ba Su Ga Maciji

A makon jiya na tsaya a kan rikicin iyakar gona da ya raba mahaifina da maƙwabcinmu a fadamar gulbin Rima. A shekarar ne na fara jin matan unguwa suna cewa mutanen biyu "ba su ga maciji", ni kuwa saboda yarinta na ɗauka Allah ne ya tsare su daga haɗuwa da maciji, har na yi sha'awar sa'arsu.

Kakata ce ta warware mini, tana zaune tana kaɗi da mazari. Ta ce maƙiyi daban, abokin gaba daban. Mutum yana iya ƙin ka shekara da shekaru ba ka sani ba, kana gaishe shi yana amsawa, to wannan maƙiyi ne. Gaba kuwa sai da mutum biyu, kowa ya san da zaman ɗan'uwansa, shi ya sa aka jingina mata "aboki" kamar abokin tafiya. Idan ta yi tsamari har ɗaya ya hangi maciji zai sari ɗayan amma ya ja bakinsa ya yi shiru, nan ne ake cewa ba su ga maciji. Ta yi mini misali da Kabawa da Sakkwato, waɗanda suka daɗe suna gaba tun bayan jihadin 1804, har Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu, birnin Kabawa, a 1934. Da na girma na lura ba a faɗin maganar sai da "ba", domin ban taɓa jin an ce wane da wane suna ga maciji ba. A ganina masu jingina ta ga 'yan siyasar da suka yi cacar baki ta kwana biyu suna rage mata nauyi.

Liman ya sha tunatar da mahaifina da maƙwabcinmu cewa addini ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, amma ba wanda ya sauko.

Wata rana da damina na ga gamsheƙa ta shige ƙarƙashin rumbun maƙwabcin, shi kuma yana tsugune dab da wurin yana gyaran kwashe. Na ruga na gaya wa mahaifina. Ya dube ni jim kaɗan, ya ajiye buta, ya ce: "Tafi ka gaya masa da sauri, amma kada ka ce ni na aike ka."

Abin da maƙwabcin ya aiko da shi gidanmu a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.